Farar Iya Hajo

Tun da na dawo daga ƙasar Damagaram ban zauna a majalisarmu ta gindin darbejiya ba sai an tambaye ni. Alhaji Garba mai gyaɗa ya ce na dawo da shiru. Malam Shitu hedimasta cewa yake yi rabina ne ya iso Makoda, ɗaya rabin yana can. Kullum sai in ce musu tafiyar aiki ce kawai. To, yau na ga gara in rubuta kowa ya karanta, in huta. Abin da ya sa na yi ta jan ƙafa shi ne har yanzu tafiyar tana zo mini kamar mafarkin tsakar rana, wanda mutum zai farka bai tabbata ko ya yi barcin ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nafi'u, amma a garinmu likitan ƙwari ake ce mini. Na yi makarantar kimiyya a Dawakin Tofa, na karanta ilimin sinadarai a jami'a, sannan na shafe ƙuruciyata a ofishin da ke duba maganin ƙwari da na ciyawa kafin a yarda a sayar wa manoma. Kamfani zai kawo takardu tuli guda, in zauna in karanta, in ce wannan ya shigo, wannan a rage masa ƙarfi, wannan kada ma a sauke shi. Da na ajiye aiki na dawo gida ina noma, sai dai lokaci-lokaci a kira ni in ba da shawara. Mutane kan tambaye ni, "Malam, wannan guba ne?" Ni kuwa abin da na koya shi ne gishiri ma guba ne in an cinye kwano guda. Tambayar da ake biyana in amsa ita ce nawa ya shiga jikin mutum, ta wace hanya, sau nawa, kuma wane ne mutumin, ƙato ne mai huɗa ko jaririya ce a goye.

Kun tuna shekarar. Ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai, kwanon hatsi ya gagari mai iyali, masu babur suka jingine saboda tsadar mai suka koma keke. Arewa da mu abin ya fi muni, don su har fara ta sauka musu. Ana cikin kaka sai ga wayar Madam Rakiya, wata ma'aikaciyar kare amfanin gona ta can da muka taɓa haɗuwa a wani taro. Ta ce wasu sun ci soyayyar fara sun kwanta asibiti, ana zargin wadda aka yi wa feshi ce, kuma ana shirin hana sayar da farar yankin baki ɗaya. Suna son wani daga waje mai jin Hausa ya zo ya duba kafin a yanke.

"Malam Nafi'u, mata ne ke kama ta," in ji ta. "Bana ita ce hatsinsu."

Kayana ba su da yawa: jaka ɗaya, da kula cike da ƙanƙara. A cikin kular akwai 'yan katuna na gwaji, kowanne bai wuce babban yatsa ba. Za a jiƙa abin da ake zargi a ruwa, a ɗiga a kan katin, a ninke a riƙe a tafin hannu na ɗan lokaci. In ya yi shuɗi, lafiya lau. In ya tsaya fari, akwai irin gubar da ake fesa wa fara. Aibinsu ɗaya, ba sa son zafi.

Daga Dambatta na shiga motar Daura. Direbanmu ya koyi dabarar shekarar, duk inda ya hango gangara sai ya kashe inji. Wajen duwatsun Kazaure muka yi ta sulalewa ba ƙara, kowa ya yi shiru, ana jin kukan kurciya daga gonaki kamar ba a mota muke ba. Na ji kamar wani ne ya ɗauke mu a tafin hannu yana tafiya da mu. Abin da ya dawo da ni shi ne dattijon da ke gefena ya zaro gorar ruwa zai sha. Na ga jan zane a gindinta da hoton ƙoƙon kai. Robar maganin feshi ce.

"Baba, don Allah kada ka sha."

"Na wanke ta da sabulu sau uku, ɗan nan. Ba ta yoyo, murfinta kuma kamar na turare."

Na fara yi masa bayanin yadda roba ke shan magani, na ga idonsa yana kan tawa gorar. Sai na ce mu yi musaya. Ya jujjuya tawa, ya ƙwanƙwasa ta, ya miƙo mini tasa da sauri kada in sake shawara. Har muka isa Daura yana satar kallona da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda aka ƙwara a ciniki.

A iyaka ne na fara sanin na bar gida. Wani jami'in duwan, wato kwastan ɗinsu, dogo mai fara'a, ya dubi takardata ya ce, "Mushe Nafi'u, me ke cikin kular nan?"

Na waiga in ga ko akwai wata dabbar da ta mutu a bayana. Ashe ni ne mushen. A can girmamawa ce, daga bakin Faransa suka ɗauko ta, malamin makaranta ma mushe ne, likita mushe ne. Na ce a raina, da a Makoda ne da tuni an shiga tsakaninmu.

Ya buɗe kular, ya ga katuna a kan ƙanƙara, bai gamsu da bayanin baki ba. Ya ce in nuna masa. Akwai kwaɗon zogale da ya saya yana kan teburinsa, na ɗebi kaɗan na jiƙa na ɗiga. Muka tsaya ni da shi muna kallon hannuna a dunƙule. Da na buɗe, shuɗi. Ai sai ya yi kira. Kafin in ankara abokan aikinsa sun yi layi, wannan da goro, wannan da dabino, wani da garin magani da surukarsa ta ba shi, yana so ya sani ko da wata manufa. Ba yadda zan yi, na gwada wa uku. Duk tsawon lokacin kular tana buɗe a rana. Sai da direban da Madam Rakiya ta aiko ya iso ya ƙwace ni, a lokacin ƙanƙarata ta zama ruwa mai ɗumi-ɗumi, katunan suna iyo a ledarsu.

Daga nan har Damagaram ban ga hanya ba, kular kawai nake kallo.

An sauke ni a wani ƙaramin masauki mai tsakar gida da bishiyar lemo guda. Mai wurin ya kawo mini burodi dogo kamar sanda, mai ɓawo, in ka gutsura sai dasashi ya sani. Shayinsu kuwa ba a kofi ɗaya yake ƙarewa ba. Sau uku ake zubawa a ɗan ƙaramin gilashi, na farko ɗaci, na ƙarshe zaƙi, kuma tashi kafin na ukun rashin ladabi ne ko da gidanka ke ci da wuta. Da azahar gari ya kan mutu murus, ofis a rufe, kanti a rufe, kowa ya kwanta sai la'asar. Na ga mata manya, da lulluɓinsu, suna tuƙa babur da kansu zuwa kasuwa, ba mai waiwayensu. Madam Rakiya ma a kan nata ta zo.

Ita ta kai ni wurin masu kifi muka samo ƙanƙara. Kafin in mayar da katunan na ce sai na gwada ɗaya da ruwa zalla, don in zafi ya kashe su duk abin da na ɗiga fari zai nuna, in je in ɗora wa mutane laifin da ba nasu ba. Na riƙe shi. Na buɗe, ba komai. Na sake dunƙulewa, ina karanta abin da ya sawwaƙa. Can sai shuɗin ya fara tasowa a hankali daga gefe, kamar rini yana cin farin ƙyalle. Madam Rakiya ta sauke ajiyar zuciya ta ce wani abu da Faransanci, sannan ta gyara ta ce Alhamdu lillahi.

Washegari ni da Madam Rakiya muka nufi arewa, ƙasar Damargu. Gonaki dama da hagu, kara a tsaye ba ganye ba zangarniya, kamar an kafa mashi an tafi. Kawalwalniya tana ta malala a gabanmu, raƙuma suna tafiya a cikinta ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa. Gyangyaɗi ya ɗebe ni. Na gan ni ina yaro a gonar Babanmu ta bayan gari, yana barbaɗa toka a kan wake da hannunsa yana cewa ƙwaro ma bawan Allah ne, korarsa ake yi, ba a gama da shi. Na so in gaya masa duk abin da na karanta bayan rasuwarsa, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Na farka mota tana tsaye, akuya tana leƙo ni ta taga.

Ƙauyen ba zan faɗi sunansa ba, za ku ga dalili. Abin da na fara lura da shi rumbuna ne. An cire musu hulunansu na ciyawa an kife a ƙasa, tunda ba abin da za su rufe. Maigari ya sauke mu a ajin lakwal, makarantar boko ke nan, aka kawo mana fura mai ruwa-ruwa har ana ganin gindin ƙwarya, ana ta ba mu haƙuri. Da yamma aka gabatar mini da shugabar masu kamun fara, Iya Hajo. Tsohuwa ce 'yar siririya, baƙa, mai zane a kumatu, tana riƙe da jikoki uku da ɗanta ya bari ya tafi neman aiki arewa, shekara biyu ba labari. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne za ka ce mu ci ko kada mu ci?"

"Ni dubawa zan yi, Iya."

"To, ka zo ka ga yadda ake yi tukuna. Bayan sallar asuba."

Abin da na gani da safiyar nan shi ne ya fi yawan dawo mini. Mata wajen talatin, kowacce da buhu a kafaɗa, suna tafiya ba magana a cikin sanyin safe. Muka isa wani fili mai sabara da ƙaya. Da farko na zaci ganye ne ya yi wa itatuwan yawa. Ashe fara ce, ta lulluɓe kowane reshe, sanyi ya ɗaure ta ba ta ko motsi. Suka shiga tsinkar ta da hannu bibbiyu kamar masu roron wake. Iya Hajo ta ɗora mini ɗaya a tafi, na ji 'yan ƙafafunta suna kama fatata a hankali.

"Mai rai ke nan," in ji ta. "Tana riƙe ka. Wadda ba ta riƙe ka ba, kai ma kada ka riƙe ta."

Da rana ta ɗago ta taɓa saman itatuwan, sai ragowar ta fara karkaɗa fiffike. Ɗaya ta tashi, goma suka tashi, sai duk filin ya ɗaga sama lokaci guda da wani sauti kamar yayyafi a kan kwano. Hasken ya shiga fukafukansu, sama ta yi ta ƙyalli. Matan suka tsaya da buhuna a ka suna kallon abin da ya cinye musu gero yana wucewa, wata har tana murmushi. Ni ma na manta abin da ya kawo ni.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar maigari. Kowace mace ta kawo buhunanta na busasshiyar fara, wadda aka turara aka shanya ana jiran fatake. Ina ɗiba daga sama da tsakiya da ƙasa, in jiƙa, in ɗiga, in dunƙule hannu. Na farko shuɗi. Na biyu shuɗi. A na biyar wata ta rangaɗa guɗa. Haka muka yi har azahar, ba ko ɗaya da ya tsaya fari. Maigari yana ta shafa gemu. Ni kaina na fara tsara rahoton a zuciyata, gajere mai daɗin rubutawa.

Ina haɗa kaya sai Iya Hajo ta taɓa gefen rigata.

"Akwai saura. Zo kai da matar nan."

A ƙuryar ɗakinta, bayan gado, buhu huɗu ne an rufe da tsohuwar tabarma. Tun da na kwance bakin na farko na ji wani ɗan wari a ƙarƙashin ƙamshin farar, wanda hancina ya sani tun ina sabon ma'aikaci. Na gwada. Fari. Na ɗauki wani katin na sake, na riƙe shi fiye da ƙa'ida, ina fata. Fari fat. Iya Hajo ba ta ko dubi hannuna ba, bango take kallo.

"Wannan ba a kan itace na kama ta ba," ta ce. "Washegarin da motar feshi ta wuce, ƙasa ta rufe da ita, ba ka ganin rairayi. An yi shela kada a taɓa, da kunnena na ji. Na ɗauki tsintsiya na je."

"Kun ci daga ciki?"

"Ban bari ta kusanci tukunyata ba. Ina da yara. Fataken Kano na ajiye wa. Sau biyu suna zuwa ina ce musu ba ta bushe ba. Na kasa ba su, na kasa zubarwa."

Irin wannan, ƙato zai ci tafi guda ya yi jiri ya yi amai ya tashi. Yaro ko tsoho ba lalle ya tashi ba. Ta juyo ta dube ni.

"Kai ɗan ina ne?"

"Ƙasar Kano, Iya."

"Ana cin fara a gidanku?"

"Innata haƙoranta sun ƙare, ba ta iya nama. Ita take aikawa kasuwar Dambatta a sayo mata, a daka mata da yaji."

Ta zauna a bakin gado. Ta daɗe tana murza gefen zanenta.

"Ni in na ce Kano, mota nake gani da buhuna a kanta," ta ce a hankali. "Ban taɓa ganin tsohuwa ba."

Muka fito ni da Madam Rakiya muka tsaya a inuwar danga. Ta ce in na rubuta an sami guba a garin, masu son hanawa sun sami abin da suke nema. In kuma ban rubuta ba, ita ba za ta tona ni ba. "Alƙalamin naka ne, Mushe."

Na yi shekara da shekaru ina sa hannu a kan takardun da ba su da fuska, ban taɓa jin alƙalami ya yi mini nauyi haka ba. Amma da na natsu sai na ga amsar tana cikin abin da na gani da idona. Farar da aka kama da rai a kan itace lafiya take. Wadda aka share a ƙasa bayan feshi ita ce guba. Laifin ba na fara ba ne kuma ba na gari ba ne, na hanyar ɗiba ne. Haka na rubuta, ban rage ba: buhu nawa na gwada, huɗu sun nuna guba, an hallaka su a gabana. Na ba da shawara kada a hana, a riƙa kafa jan ƙyalle a duk filin da aka fesa har kwanakin maganin su wuce, a bar katunan gwaji a hannun ma'aikacin lafiya na yankin, kuma shugabar matan ta tabbatar ba a sa matacciyar fara a buhu. Suna kuwa ban rubuta na kowa ba, ba a aiko ni neman suna ba.

Da la'asar aka haƙa rami mai zurfi a kan tudu, nesa da rijiya. Iya Hajo ta hana kowa ɗauka, ita ta yi sawu huɗu da buhu a ka, gari duk yana kallo, ba wanda ya tambaye ta komai. Da ta zazzage na ƙarshe ta fara ninke buhunan za ta koma da su, na ce, "Iya, har su."

Ta dube ni, sai ta yi dariya, karo na farko. "Kai ɗan nan ba ka da tausayi."

Ta jefa su. Aka zuba toka, aka mayar da ƙasa, aka ɗora ƙaya kada kaji da karnuka su tona. Da muka koma gidanta an riga an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mata suna shigowa ɗai-ɗai, kowacce ta juye ƙwarya guda daga tata ta fita. Bai kai ko buhu ɗaya ba. Ta zauna tana kallon tsibin, jikokinta suna jingine da ita.

Da safe muna shirin tashi ta zo da ƙulli a tsumma mai tsabta.

"Ta jiya da asuba ce, wadda ka gani da idonka. Ka gwada in kana so."

"Na riga na gwada, Iya."

"Ka kai wa tsohuwarka. Ka ce mata daga wadda ta kusa cutar ta."

Dawowa ba ta da labari. Rahoton an karɓa, ba a hana farar ba, haka Madam Rakiya ta gaya mini daga baya. Ko ana kafa jan ƙyallen har yanzu, ban sani ba. Farar da ta kwantar da mutanen can a asibiti ma ban gano daga wane gari ta fito ba, ƙauyukan da yawa, tsintsiya kuma kowane gida akwai.

Na iso Makoda bayan la'asar, na wuce ɗakin Inna kafin in cire takalmin tafiya. Na miƙa mata ƙullin, ta sa aka soya, aka daka mata da yaji, ta zauna a kan buzunta tana ci da ɗan yatsa.

"Wa ya ba ka?"

"Wata tsohuwa ce a Damargu. Ta ce a gaishe ki."

Ta tauna a hankali, ta lumshe ido. "Mai kyau ce, ba ƙasa a cikinta. Sai dai da ta turara ba ta sa gishiri ba." Ta sake ɗiba. "Su ma can ya yi musu tsada ke nan. Allah sarki. Allah Ya ba ta na saye, Ya raya mata abin da ta haifa."

Na ce amin. Saƙon Iya Hajo kuwa rabinsa kawai na isar. Inna ba ta san sauran ba, kuma don Allah kada wanda ya kai mata.